Gwiwar Bututun da Aka Jingina da Ɗakin Dada

Ko tsufa ya kai ni inda zan riƙa kiran jikokina da sunan juna, akwai wata Asabar ta tsakiyar bazara da ba za ta goge daga kaina ba. Ita ce ranar da aka buɗe ruwan unguwarmu a Ɗan Iya, cikin garin Bauchi. Kowa ya ci ado yana murna, ni kuwa ina ta zarya tsakanin lungu da fili kamar kazar da ke neman wurin ƙwai. Abin da ya hana ni sukuni gwiwar bututu ce guda ɗaya, wadda aka jingina da bangon ɗakin kakata.

A lokacin ina karatun aikin injiniya a kwalejin fasaha, ina zaune a gidanmu na gado. Wahalar ruwa kuwa ta kai mu maƙura. Famfo sai ya yi makonni bai ko yi tari ba, rijiyoyi sun ƙafe, 'yan garuwa sun zama sarakuna, sai ka yi musu magiya kafin su dube ka. Ana cikin haka wani attajirin unguwa ya haƙa rijiyar burtsatse a gangare, ya kafa ƙaton tanki a kan dutsen da ke sama da gidajenmu, ya ce saura mutanen unguwa su yi gayya su haƙa rami su shimfiɗa bututun da zai kai ruwa daga rijiya zuwa tanki. Baffana, ƙanen mahaifina, shi aka ɗora a kan aikin. Mutum ne mai zuciyar alheri, amma Allah Ya yi shi da son taro da lasifika, kuma in ya kafe a kan magana ko jaki ya san da zamansa.

Taurin kan nan gado ya yi a wajen mahaifiyarsa, kakata, wadda muke kira Dada. Duk gidan an rushe an mayar da shi na bulo, ban da ɗakinta na ƙasa mai rufin azara da ke kusurwar lungu. Baffa ya yi lallashi har ya gaji, ta ce a ɗakin aka kawo ta, a ɗakin za a ɗauke ta. Ciwon gwiwa ya riga ya zaunar da ita, don haka daga hantsi har azahar tana kan gadonta, jikin bangon nan na lungu, rediyo a kunne. Ni ce mai yi mata tausa, ni ce kuma abokiyar faɗanta. Ta kan kira ni 'yar boko mai baki kamar reza, ni kuma in ce mata tsohuwa mai ran ƙarfe.

To, miƙaƙƙiyar hanyar bututun ta ƙarƙashin mangwaron da marigayi kakanmu ya dasa a ƙofar ɗakinta take. Da aka zo mata da maganar za a taɓa saiwarsa, ko ɗaga kai ba ta yi ba, ta ce a fara haƙa ta tukuna. Wa zai ja da Dada? Sai dattawa suka yanke cewa, don girmama ta, bututun ya bi ta lungu, in ya zo kusurwar ɗakinta a sa masa gwiwa ya karya kwana ya haura dutse. Kowa ya yaba da wannan ladabi. Ranar da na dawo daga makaranta na leƙa ramin, sai na ga ƙaton bututu, kaurinsa ya kusa cinyar babban mutum, an gasa bakinsa a wuta an cusa cikin gwiwar, an shafa gam, an naɗe da robar tayar mota. Bayan gwiwar kuma a manne yake da gindin bangon Dada. Na tsaya a bakin ramin ina ta kallon wurin.

Dalili kuwa, a makonnin nan malaminmu ya gama wahalar da mu a kan wannan darasi. Ya ce ruwa mai gudu yana tafe da nauyinsa da saurinsa, kuma wannan ƙarfin tafiyar ba ya ɓacewa haka kawai. In ruwa ya doshi gabas, gabas yake son ci gaba da tafiya. Kafin ka juya shi arewa dole wani abu ya ture shi, kuma gwargwadon yadda aka ture shi, haka shi ma zai ture abin da ya juya shi. A miƙaƙƙen bututu babu damuwa, amma a kwana gwiwar ce ke shan dukan, ga kuma matsin da inji ke yi a kai. Shi ya sa ake zuba dunƙulen kankare a bayan kowace gwiwa, ya karɓi turin ya miƙa wa ƙasa. A aji lissafi ne kawai a kan allo, har ina hamma. A lungunmu kuwa kankaren da aka tanada shi ne bangon da kakata ke jingina kanta.

Na wuce shagon wani Ibo mai sayar da kayan famfo, inda aka sayi kayan, na tambaye shi girman injin da zai turo ruwan. Ya kama haɓa ya ce shi ma ya gaya wa Alhaji, wato attajirin, injin nan yana da ƙarfi fa, ya fi ƙarfin unguwa ɗaya, amma Alhaji ya ce a ba shi wanda ya fi kowanne girma don kada a ce ya yi rowa. Na koma gida na yi lissafina, na sake, na kuma sakewa ko Allah zai sa in ga kuskure. Duk yadda na juya shi, turin da zai sauka a kan gwiwar nan ya fi nauyin buhunan siminti masu yawa, kuma ba a hankali zai zo ba, da duka zai zo lokacin da aka tayar da injin.

Na sami Baffa a zaure na durƙusa na yi masa bayani. Ya saurare ni har ƙarshe, sannan ya yi dariyar da har yau in na tuna sai raina ya sosu.

"Ke 'yar nan, ruwa ƙashi gare shi? Abin da ake sha a kofi shi zai ture bango? Ai da gangan muka jingina ta, don bangon ya tokare ta."

Na ce masa ai matsalar ke nan. Ya ce abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Allah Ya sani na so in ce masa wannan karon babban ko ramin bai leƙa da kyau ba, amma na haɗiye, don na san in na faɗa magana ta mutu ke nan. Taron kwamiti kuwa a ƙofar masallaci ake yin sa, maza zalla, ba wurin da budurwa za ta je ta tsaya tana zana kibiya a ƙasa ba ne.

Kwanakin da suka biyo baya zama bai gan ni ba. In ina aji hankalina na lungu, in ina lungu sai in tsaya ina kallon ramin kamar wadda ta yar da ɗan kunne. Matar Baffa har ta tambayi mahaifiyata ko wani ne ya yaudare ni. Rannan na ji Baffa zai kai motarsa wanki, na maƙale masa na ce ya rage mini hanya. Da muka isa na roƙi mai wankin ya ajiye tiyon a ƙasa, ya saki, ya tayar da injinsa. Wayyo, tiyo ya miƙe ya hau bulala kamar macijin da aka taka wa wutsiya, ya yi hagu ya yi dama, ya wanke Baffa tun daga hula har takalmi. Na ce masa wa ya taɓa tiyon nan? Ruwan da ke fita gaba shi ke ture shi baya, kuma wannan bai kai yatsan bututunmu ba.

Baffa ya matse hularsa, muka shiga mota. A hanya ya ce tiyo daban, bututun da ke binne daban, amma tunda na nace za a zuba kankaren, in dai ƙyale kunnensa ya huta. Na ji kamar an sauke mini dutse daga ka. Magini ya zo ya duba, ya ce sai an matsar da gwiwar daga bango, a zuba, a bar shi ya kwana biyu yana shan ruwa kafin ya kama. Aka tsayar da magana a kan haka.

Ashe da sauran rina a kaba. Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci sai ga labari cewa tafiyar attajirin Umra ta matso, kuma yana son ya ga ruwa da idonsa kafin ya tashi, saboda haka gobe za a buɗe. Kafin la'asar matasa sun mayar da ƙasa cikin rami, sun cusa wani dutse a gefen gwiwar, sun bi da ƙafa sun tattake. Na tari Baffa yana rabon aikin rumfa da kujeru, ya ce yini ɗaya dai, yini ɗaya tak, in an gama biki a tone a zuba kankaren. Ya za a yi a ce wa mutumin da ya kashe dukiyarsa ya jira siminti ya bushe? Na ce to ruwan ya san da biki? Ya yi mini kallon da ya sa na ja bakina.

Tunda na kasa matsar da bututu, sai na koma kan Dada. Na zauna ina matsa mata ƙafa, na roƙe ta gobe ta yini a ɗakin mahaifiyata. Ta janye ƙafarta. Ta ce dama ta san za a rina, Baffa ya gaji da turo manya ya turo 'yar boko, so ake ta fita a sa mata diga a ɗaki. Na rantse, na yi bayani, na kwatanta da buta, har hawaye na yi. Ta ce bangon nan ya ga damina tun uwata ba ta san za a haife ta ba, ruwan roba ne zai ba shi tsoro? Ta juya mini baya ta ƙara muryar rediyo. Wallahi a ranar na ji haushinta kamar in ɗauke ta cak in fita da ita, kuma ina jin tsoron rasa ta fiye da yadda bakina zai iya faɗa.

Da asuba dabara ta zo mini, kuma ta ƙofar son taron Baffa ta shigo. Na kai masa shayi, na tambaye shi kamar ba komai, wa zai fara shan ruwan? Ya ce attajirin mana. Na ce ikon Allah, ga wadda ta fi kowa shekaru a unguwa tana kwance a gida, a buɗe ruwa ba ta sa albarka ba, me mutane za su ce? Na ga idonsa ya yi haske. Kafin hantsi ya ɗaga, sai ga mai unguwa da liman a ƙofar ɗakin Dada suna sallama, sun zo takanas roƙon ta zo ta sha ruwan farko ta yi addu'a. Dada tana iya korar ɗanta da jikarta, amma ba ta iya mayar da liman da mai unguwa hannu rabbana. Ta sa aka ɗauko mata mayafinta na fita kunya, ta kulle ɗakin da kwaɗo, ta ɗaure makullin a bakin zaninta. Lokacin da ake tallafa ta za a sa ta a keke mai ƙafa uku, ta waigo ta dube ni.

"Aikinki ne wannan. Na gane sawunki."

Ban musa ba. Na bi keken har gindin dutse, inda aka jera famfuna aka kafa rumfa. Aka zaunar da ita a kujerar gaba, aka ba ta sabuwar ƙwarya ta riƙe. Baffa ya karɓi lasifika ya shiga jawabi, ya gode wa wannan ya gode wa wancan. Ni kuwa na zauna na tashi, na tashi na zauna. Da na ji ya ce a aika gangare a tayar da inji, sai na zame na koma lungu da sauri, mayafina a hannu. Na tarar da yara suna wasan langa daidai kan wurin, na kore su da tsawa har wata maƙwabciya ta leƙo tana tambayar ko lafiya.

Na ji tashin injin daga nesa. Da farko ba abin da ya faru, har na fara cewa a raina Allah Ya sa in zama abin dariya, na yarda a yi mini waƙa a unguwa. Sai na ji huci a ƙarƙashin ƙasa, iskar da ke cikin bututu tana gudu. Sai wani dum, kamar an saki taɓarya a turmi, na ji shi har tafin ƙafata. Ƙasar da aka tattake ta kumbura ta tsage. Dum na biyu ya fi na farko, a nan gwiwar ta kuɓuce ta daki gindin bangon, ruwa ya yi tsiri yana dukan wuri ɗaya kamar da gayya. Jan laka ya fara gangarowa lungu, kuma lakar nan bangon Dada ne yake narkewa.

Na yi ihu a kashe inji, amma wa zai ji ni? Lasifika na ta kirari, mata na ta guɗa. Na zubar da takalma na nufi gangare a guje, ban taɓa sanin ina da gudu haka ba. Mai kula da injin ya ce shi Baffa ne ya ce ya tayar, kuma ba zai kashe ba sai Baffa ya ce. Ban tsaya gardama ba, na ture shi na kai hannu na kashe da kaina. Kafin in hauro, mutane sun fara kwararowa daga fili, don an ga ruwa na bin kwata maimakon famfo. A gaban idonmu bangon ya yi ciki, ya ɗan tsaya kamar mai shawara, sannan ya kife cikin ɗakin, azara da ƙasar rufi suka bi shi. Da ƙura ta lafa, ƙafar gadon Dada ɗaya kawai ake hange, da eriyar rediyonta a lanƙwashe.

Wurin ya kaure da salati. Baffa ya zo da lasifikar har yanzu a hannunsa, ya dubi inda kan mahaifiyarsa yake kasancewa a daidai wannan lokaci kullum, ya sulale ya zauna cikin laka da babbar rigarsa. Ban taɓa ganin hawayensa ba sai ranar. Ita kuwa Dada tana can gindin dutse ita kaɗai a rumfa, riƙe da busasshiyar ƙwarya, tana tambayar ina ruwan da aka taso ta dominsa.

Na ɗauka in an kawo ta ta gani za ta rungume ni. Ina! Ta daɗe tana kallon ɗakin, ta kwance makullin daga bakin zaninta ta juya shi a hannu, ga ƙofar nan a tsaye da kwaɗonta, ba ɗaki a bayanta. Mutane na ta yi mata barka, suna cewa jikarki ce ta cece ki. Ko kallona ba ta yi ba. Aka kai ta ɗakin bulo, ta ce tanda ce aka sa ta a ciki. Daga ranar ta ɗauke mini wuta. In na gaishe ta ta amsa a daƙile, in na zo tausa ta ce ƙafar ta yi sauƙi. Ta daina kira na 'yar boko, kuma wannan ya fi komai yi mini ciwo. Na kai ƙara wajen mahaifiyata ina kuka, na ce wannan wace irin sakayya ce? Ta ce in yi haƙuri, tsohuwa ta rasa ɗakin da ta yi rayuwarta duka a ciki, ba ta iya fushi da ruwa, ba ta iya fushi da liman, dole fushin ya sauka a kan wani, kuma ni ce a kusa.

Aka sake aikin, wannan karon Baffa da kansa ya zo ya ce in tsaya a kan magini. Aka zuba kankare a bayan kowace gwiwa, aka bar shi ya kama, aka rage wa injin ƙarfi. Ruwa ya hau tanki ba biki ba lasifika. Damina ta zo ta wuce, Dada ba ta sauko ba.

Sai da jikinta ya yi nauyi, ta kai ba ta iya juyawa a gado sai an juya ta. Matan gida suka yi ta fama, duk wadda ta kama ta sai ta yi ƙara ta ce an karya ta, don suna jan ta ta gaba ba wanda ya riƙe bayanta. Wata rana da hantsi ina tsakar gida ina wanki, sai na ji muryarta daga ɗaki, a raunane amma da sauran kaifinta.

"Ku bar ni haka. Ku kira mini 'yar bokon nan, ita ta san inda ake tokarewa."

Na shiga da kumfa a hannu. Na hau gadon na zauna a bayanta, na sa ƙirjina ya karɓi nauyinta, aka juya ta a hankali, ba ta yi ko tari ba. Ta kama hannuna ta riƙe, ba ta ce na gode ba, ni ma ban nema ba. Tun daga ranar har Allah Ya karɓi abarsa, ni ce a bayanta duk lokacin da za a juya ta.

Yau aikin ruwa nake yi, kuma leburori sun san ni da masifa a kan kankaren bayan gwiwa, ko gwamna ne zai zo gobe ba a tayar mini da inji sai ya kama. Abin da ranar nan ta koya mini shi ne, duk abin da ke kan hanyarsa, ruwa ne ko mutum, in ka juya shi sai ya ture, ko da don alherinsa ka juya shi. Turin ba ya ɓacewa, wuri kawai yake nema ya sauka. Saboda haka kafin ka karkatar da wani, duba me ka ajiye a kwanar. In babu komai, to ka shirya tsayawa a wurin da kanka, kuma kada ka matsa don ka ji nauyi.